DAM ƊIN GORONYO: WA KE BINCIKEN MAI RIƘE DA MAKULLI?



'Yan'uwa, duk wanda ya taso daga Sakkwato ya kama hanyar Goronyo, sai ya ratsa ta garinmu Achida. Mu a nan muna zaune ne tsakanin gulabe biyu. Ta arewa ga gulbin Rima wanda ya biyo ta Goronyo ya wuce ta Wurno, ta kudu kuma ga gulbin Sakkwato wanda ya gangaro ta Rabah. Kowanne daga cikinsu an datse shi daga sama: an datse Rima a Goronyo, an datse gulbin Sakkwato a Bakolori kusa da Talata Mafara. Ma'anar wannan ita ce, duk talakan da ke da gona ko gida a fadamun nan yana kwana ne a ƙarƙashin ruwan da wani mutum yake riƙe da makullinsa. In ya ga dama ya rufe, albasa da tafarnuwa su bushe. In ya ga dama ya buɗe, shinkafa da rumbu su tafi.

To tambayar da nake son mu yi wa kanmu yau bayan mun sauko daga masallaci ita ce: shi wannan mai riƙe da makulli, wa ke bincikensa? Wa ke zuwa ya duba ko ƙofofin suna buɗuwa, ko bangon yana yoyo, ko kuɗin gyaran da aka ware sun isa wurin? In ya yi sakaci mutane suka halaka, gaban wa zai tsaya?

ABIN DA YA FARU A 2010

An kammala ginin dam ɗin Goronyo a 1984, aka ƙaddamar da shi a 1992. Bango ne na ƙasa da yashi, tsayinsa mita 21, tsawonsa gaba ɗaya kilomita 12 da rabi, kuma an tsara shi ya riƙe ruwa sama da kubik mita miliyan 900. An ce an gina shi ne don noman rani, da ba biranen Sakkwato da Birnin Kebbi ruwan sha, da kuma kare mutane daga ambaliya. Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima, ta gwamnatin tarayya, ita ke tafiyar da shi.

A ƙarshen watan Agusta na 2010 aka yi ruwan sama kamar da bakin ƙwarya, dam ya cika ya kai matsayin haɗari. Ranar 1 ga Satumba aka buɗe ƙofofi, ruwa ya mamaye garin Kagara da ke ƙasa da dam. Ranar 8 ga Satumba sai wani ɓangare na hanyar da rarar ruwa ke fita ya ɓalle gaba ɗaya. Ruwa ya bi kwarin Rima yana cin ƙauyuka da gonaki, ya raba dubban mutane da gidajensu, har ya yanke gadar da ke kan hanyar zuwa mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. Wannan kuwa ya faru ne a ƙarshen watan azumi, ana dab da ƙaramar Salla. Mutane da yawa a makarantun firamare suka yi Sallarsu, a kan tabarmar aro.

A lokacin ina ɗan shekara goma. Abin da ba zan manta ba shi ne daren da Kawu ya iso gidanmu daga ƙauyensu na bakin gulbi, da iyalinsa, da akuya biyu, da wata tukunya guda. Geronsa ya nuna ana shirin yanka, shinkafarsa ta fara ciki, duk suna ƙarƙashin ruwa. Da gari ya waye na je na gaishe shi, na ce, "Kawu, ina sauran kayanku?" Sai ya dube ni ya ce, "Ɗana, ruwa ba su yi muna sallama ba. Da an hwaɗa muna ko da kwana biyu, da ko rumbu mun kwashe." Ban gane nauyin maganar nan ba sai da na girma. Ashe kwana biyu kawai tsohon nan yake nema.

YADDA DAM KE HALAKA MUTANE

Ya kamata mu san yadda abin yake, don kada a riƙa rufe mana baki da manyan kalmomi. Dam irin na Goronyo, wanda aka yi da ƙasa, yana da hanyoyin lalacewa sanannu waɗanda kowane injiniya ya karanta a makaranta.

Ta farko, ruwa ya cika ya hau ta saman bangon. Bangon ƙasa ba ya jure wannan, domin da zarar ruwa ya fara bi ta kansa sai ya riƙa zaizaye shi, cikin 'yan sa'o'i ya yi ɓaraka. Ta biyu, ruwa ya riƙa tsattsafowa ta cikin bangon ko ta ƙarƙashinsa, yana jan ƙasa kaɗan-kaɗan har ya yi rami kamar na gafiya, ramin yana faɗi ba wanda ya sani. Saiwar itace, da gidan gara, da ramukan dabbobi duk suna taimaka wa wannan. Ta uku, ƙofofi su ƙi buɗuwa ranar da ake buƙatarsu, saboda tsatsa, ko rashin mai, ko rashin wuta, ko janareto ya mutu. Ta huɗu, yashi da laka su cika cikin tafkin, ta yadda wurin da aka tanada don ruwa ya ragu, ruwan da a da dam zai shanye yanzu ya fi ƙarfinsa.

Akwai ta biyar wadda ta fi shafarmu, kuma ita ko bango bai fashe ba tana kisa: yadda ake sakin ruwa. Mai tafiyar da dam yana son ya tara ruwa da yawa don noman rani da ruwan famfon birni. Wannan buƙata ce ta gaskiya, ba mu musanta ba. A 2018 shugabannin hukumar da kansu suka bayyana cewa ruwan Goronyo ya ragu zuwa kusan kashi 10 cikin 100 na abin da ya kamata ya riƙe, suka ɗora laifin a kan ƙarancin ruwan sama na 2017 da kuma yashin da ya taru. Amma in tsoron fari ya sa aka riƙe ruwa har dam ya cika maƙil a watan Agusta, sannan Gagare da Bunsuru da gulbin Maraɗi suka kawo nasu a lokaci guda, to ba sauran dabara sai a wangale ƙofofi gaba ɗaya a kan mutanen da ke ƙasa. Wannan awo ne tsakanin amfanin wasu da rayukan wasu. Shin ya dace a bar irin wannan awo a hannun ofis guda, ba tare da rubutacciyar ƙa'idar da jama'a suka sani ba, ba kuma tare da wani na waje da zai ce an yi daidai ko an yi kuskure ba?

Ka lura, ɗan'uwa, duk waɗannan hanyoyi biyar ana iya ganinsu tun kafin su zo. Yoyo ana auna shi. Ƙofa ana gwada ta tun da rani. Yashi ana auna zurfinsa. Ruwan da ke tahowa daga sama ana iya saninsa kwanaki kafin ya iso. Dam ba ya fashewa kamar tsawa. Sai ya daɗe yana kuka, masu kunne suna toshewa.

BA GORONYO KAƊAI BA

A watan Agusta na 1988 dam ɗin Bagauda a jihar Kano ya fashe. Ranar 30 ga Satumba na 2006 dam ɗin Gusau, wanda ke kan wannan gulbin Sakkwato da ke wucewa ta Rabah, ya fashe, aka rasa rayuka kusan 40 da gidaje kusan 500, kuma rahotanni suka nuna cewa ƙofofinsa ne suka ƙi buɗuwa. Shekara huɗu bayan haka sai ga Goronyo. Shin tsakanin 2006 da 2010 wane darasi aka ɗauka?

Sannan ga Alau. A 1994 ruwan dam ɗin Alau ya ci birnin Maiduguri. Bayan shekara 30 cif, ranar 10 ga Satumba na 2024, ya sake cin birnin cikin dare. Sama da mutum 400,000 suka bar gidajensu, fursunoni sama da 270 suka tsere da ruwa ya rushe katangar gidan yari, kadoji da macizai suka fita daga gidan namun daji suka shiga unguwanni. Kwanaki kaɗan kafin abin ya faru, mutanen yankin suna ta kuka, jami'an gwamnatin jihar suka je suka duba, suka dawo suka ce wa jama'a su kwantar da hankalinsu. Bayan abin ya faru kuma sai aka shiga gardamar wai shin dam ɗin fashewa ya yi ko kuwa tumbatsa ya yi. Kaico! Wanda ya kwana a kan rufin ɗaki da 'ya'yansa, me wannan gardama za ta tsinana masa?

Daga baya aka kafa kwamiti don duba madatsun ruwan ƙasar, kuma a 2025 aka amince da naira biliyan 80 don sake gina Alau. Ihu bayan hari ke nan. Kuɗin da ba a samu ba don a toshe yoyo, sai ga shi an samu ninkin-ba-ninkinsa don ba da sabuwar kwangila. Haka tsarin yake tafiya: gyara ba ya da bikin ƙaddamarwa, ba a yanka masa ƙyalle, ba a gayyatar 'yan jarida, don haka ba ya burge mahukunta.

AN BA KURA JIRAN AKUYA

Wani zai ce ai akwai dokoki. E, suna nan a takarda. Akwai dokar soja mai lamba 101 ta 1993 wadda ta danƙa ikon ruwan da ya shafi jiha fiye da ɗaya a hannun gwamnatin tarayya. Akwai ƙa'idojin madatsun ruwa da tafkuna na 2014 a ƙarƙashin hukumar kare muhalli ta NESREA. Akwai hukumar NIHSA da ke fitar da hasashen ambaliya kowace shekara. Akwai NEMA mai rabon bargo da buhun shinkafa bayan an gama mutuwa. Amma ka duba yadda aka jera abin. Hukumomin raya koguna guda 12, waɗanda ke tafiyar da manyan madatsun tarayya, suna ƙarƙashin Ma'aikatar Albarkatun Ruwa. Sashen kula da madatsu yana cikin wannan ma'aikata. Kwamitin da aka kafa bayan Alau ma, ministan wannan ma'aikata ne aka ba shugabancinsa. Mai dam, da mai duba dam, da mai binciken abin da ya faru da dam, duk gida ɗaya suke kwana. Ɗalibi ne ya rubuta jarrabawa, ya zauna ya yi ta, ya kuma maka kansa. Ka taɓa jin irin wannan ɗalibi ya faɗi?

Ba ina cewa ma'aikatan da ke bakin dam miyagu ba ne. Cikinsu akwai 'ya'yan talakawa irinmu, masu kwana a bakin ruwa ana ruwan sama, a yankin da 'yan bindiga suka addaba. Amma ƙaramin injiniyan da ya ga tsaga, ga wa zai kai rahoto? Ga ogansa. In ogan ya jefa takardar cikin durowa, shi ke nan magana ta mutu, shi kuma in ya fita ya faɗa wa duniya, aikinsa ne zai tafi. Mai bincike mai zaman kansa kariya ne har ga shi wannan ma'aikacin kirki.

Dubi yadda wasu suka yi. A 1925 wani dam ya fashe a garin Dolgarrog a Birtaniya, mutum 16 suka mutu. A 1930 majalisarsu ta yi doka cewa dole ne ƙwararren injiniya ya riƙa binciken kowace babbar madatsa aƙalla sau ɗaya a shekara goma. Tun daga 1925 ɗin nan fashewar dam ba ta sake kashe mutum a ƙasar ba. A wannan 1930 ɗin su ne ke mulkin Sakkwato. Sun tafi sun bar mana harajinsu da gidan yarinsu, mahukuntanmu suka riƙe gam, amma wannan doka ba wanda ya ga ya dace a kwaikwaya. In kuma aka ce ai su Turawa masu kuɗi ne, to ga Indiya. A 2021 ta yi dokar tsaron madatsun ruwa, ta kafa hukuma ta ƙasa don wannan aiki kaɗai, ta wajabta a duba kowane babban dam kafin damina da bayan damina, ta wajabta a rubuta shirin abin da za a yi in haɗari ya taso, ta kuma tanadi ɗauri ga wanda ya ƙi bin umarni. A Libiya ma, ƙasar da yaƙi ya ɗaiɗaita, bayan madatsu biyu sun fashe a birnin Darna a watan Satumba na 2023 suka kashe mutane sama da 4,000, kotu ta ɗaure jami'ai 12 a watan Yuli na 2024. Mu fa? Ina ƙalubalantar mai karatu ya kawo min sunan babban jami'i guda da aka ɗaure saboda Bagauda, ko Gusau, ko Goronyo, ko Alau.

Kada kuma a ce mana gwamnati ba ta da ƙarfi ko sauri. A watan Afrilu na 1980, zamanin mulkin Shagari, manoman Bakolori waɗanda aka ƙwace wa gonaki suka tare hanyoyin aikin dam suna neman diyyarsu. Aka turo musu 'yan sandan kwantar da tarzoma, aka buɗe musu wuta, aka ƙona ƙauyuka. Gwamnati ta ambaci adadi kaɗan, mutanen yankin da masu bincike suka ce ɗaruruwa ne suka mutu. Ashe in manomi ya tsorata dam, hukuma tana isowa da bindiga ba ɓata lokaci. In dam ne ya tsorata manomi, sai a kafa kwamiti.

HUJJOJINSU

Hujjar farko da ake toshe mana baki da ita ita ce wai ƙaddara ce. Mun yi imani da ƙaddara, mai daɗi da mara daɗi, kuma ba ma buƙatar wani kwamishina ya koya mana. Amma a wace Islamiyya aka karantar da cewa ƙaddara tana wanke mai sakaci? Annabi Yusuf (AS) ya san fari na tafe, ya tara hatsi shekara bakwai. Sayyidina Umar (RA) da ya ji annoba ta ɓarke a Sham, juyawa ya yi da jama'arsa. Malaman fiƙihu kuwa sun yi magana ƙarara a kan mai katangar da ta karkata: in aka gargaɗe shi gaban shaidu, ya samu damar gyarawa bai gyara ba, katangar ta faɗa wa wani, to lamuni yana kansa. Katangar gida ke nan. Ina ga bango mai kilomita 12 da rabi da ke riƙe da ruwa a saman kan dubban bayin Allah? Direban da ya fito da mota ba birki ya banke yara, ba wanda ke sallamarsa don ya ce ƙaddara ce. Abin mamaki, waɗannan masu yi mana wa'azin ƙaddara ba sa barin tsaron gidajensu ga ƙaddara. Suna da katanga, da maigadi, da 'yan sanda a bakin ƙofa.

Hujja ta biyu ita ce wai canjin yanayi ne, ruwan sama ya ƙaru. In haka ne, ai hujjar a kansu take. Wanda ya san ruwa ya ƙaru a kan yadda yake a 1984, shi ya fi kamata ya sake lissafin dam ɗinsa, ya faɗaɗa hanyar rarar ruwa, ya yashe tafki, ya ƙara yawan bincike.

Hujja ta uku wai babu kuɗi. A 2014 an ciwo bashin kusan dala miliyan 500 daga Bankin Duniya don shirin TRIMING na gyaran noman rani, wanda ya haɗa da Bakolori da tsakiyar kwarin Rima, kuma a cikinsa akwai sashen tsaron madatsu. A 2024 bankin ya amince da wasu dala miliyan 500 don shirin SPIN, wanda shi ma tsaron madatsu yana cikin manufofinsa. Wannan bashi ne a wuyanmu da na 'ya'yanmu. Wanda zai biya bashi ba shi da haƙƙin ganin rasit? Sannan nawa ne kuɗin jiniya? Nawa ne kuɗin sanarwar minti biyu a rediyo?

Hujja ta huɗu wai bayanin dam sirri ne na tsaro. Ba zanen injin ƙofa muke nema ba. Muna son mu san tsayin ruwa yau, da ranar da za a buɗe, da ƙauyukan da ruwa zai fara isa. Ɓoye wa mutum cewa ruwa na tahowa kansa, wane irin tsaro ne wannan, kuma tsaron wa?

Wani kuma zai ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Gaskiya ne. Amma wannan ɗakin, in ya yi yoyo, ba a kan mai ɗakin yake zuba ba.

Ni da wasu 'yan'uwa biyu mun taɓa zuwa wani ofishin gwamnati, ba sai na ambaci sunansa ba, muka tambaya ko akwai rubutaccen shiri na inda mutanen fadama za su gudu in ruwa ya taso. Wanda muka tarar ya dube mu sama da ƙasa ya ce, "Malamai, wa ya aiko ku?" Muka ce, "Ranka ya daɗe, iyayenmu ne ke noma a wurin." Ya ce oga ba ya nan, mu dawo wani mako. Mun koma sau biyu, oga bai dawo ba. Kuskurenmu shi ne da baki muka je, ba mu bar takarda ba.

ABIN DA MUKE NEMA

Na ɗaya, Majalisar Tarayya ta kafa hukumar tsaron madatsun ruwa mai cin gashin kanta, wadda ba ta ƙarƙashin ma'aikatar da ke da madatsun, mai ikon ba da umarni da kai mai laifi kotu.

Na biyu, a riƙa binciken Goronyo da Bakolori, da Jibiya da Zoɓe da ke sama da mu a jihar Katsina, sau biyu a shekara, kafin damina da bayanta. A gwada kowace ƙofa a gaban masu binciken. A fassara taƙaitaccen rahoton da Hausa, boko da ajami, a manna a sakatariyar ƙananan hukumomin Goronyo, Wurno, Rabah, Kware da Wamakko.

Na uku, daga watan Yuli zuwa Oktoba a riƙa karanta tsayin ruwan dam a rediyo kullum, kamar yadda ake karanta sanarwar ɗaurin aure da ta siyasa.

Na huɗu, a fito da rubutacciyar ƙa'idar buɗe ƙofofi: a wane tsayi ake fara ragewa, wa ke ba da umarni, kuma kwana nawa za a ba jama'a. Sanarwa ta isa ga hakimai da dagatai da limamai da sarakunan ruwa kai tsaye, kada ta tsaya a takardar da za ta kwana uku a kan teburin wani.

Na biyar, kowane ƙauye na bakin gulbi ya san tudun da zai nufa da hanyar da zai bi, a yi la'akari da cewa a gabashin Sakkwato yau ba kowane daji ake shiga da dare ba.

Na shida, a bayyana kuɗin da aka ware wa gyaran kowane dam, da wanda aka ba kwangila, da abin da ya yi. In rai ya salwanta, a yi bincike a bainar jama'a, a biya diyya, a hukunta wanda ya yi sakaci komai girmansa.

AIKIN DA KE KANMU

'Yan'uwa matasa, kada mu karanta wannan mu nannaɗe jarida mu ce Allah ya isa, mu wuce wurin mai shayi. Akwai abin da ke hannunmu. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba kowane ɗan ƙasa damar rubuta wa hukumar tarayya takarda ya nemi bayani, kuma ta ba hukumar kwana bakwai ta amsa. Mu rubuta, mu nemi rahoton binciken dam na ƙarshe da shirin gaggawa. Mu kai da hannunmu, a buga mana hatimi a kan kwafinmu, mu adana. In aka yi shiru mu sake rubutawa, mu aika wa ɗan majalisarmu kwafi. Duk ɗan siyasar da ya zo neman ƙuri'a a Achida ko Wurno ko Rabah, kafin ya fara rabon atamfa da taliya, a samu mai tashi ya tambaye shi rahoton dam.

Mu kafa sanda mai alama a bakin gulbi a kowane ƙauye, a sa mutum ya riƙa rubuta inda ruwa ya kai safe da yamma. Mu haɗa lambobin waya daga Goronyo zuwa Wurno zuwa Kware, ta yadda in na sama ya ga ruwa ya canza, na ƙasa zai ji kafin ya gani. Mu san gidajen da ke da tsofaffi da marasa lafiya da masu jego, mu san masu kwale-kwale. Mu guji yaɗa jita-jitar cewa dam ya fashe ba tare da tabbaci ba, domin ƙarya ɗaya tana sa a ƙi yarda da gaskiya ranar da ta zo. Mu kuma faɗa wa kanmu gaskiya: masu gini a kan hanyar ruwa, da masu sare itatuwan bakin gulbi suna ƙara wa tafki yashi, cikinmu suke. Wanda ke neman a yi masa adalci kada ya zama yana taimakon ɓarna.

Ku tuna hukuncin mai karkatacciyar katanga. Sharaɗin lamuni shi ne a gargaɗe shi gaban shaidu. To kowace takarda da muka kai aka buga mata hatimi gargaɗi ce, kowane ɗayanmu da ya sa hannu shaida ne. Daga ranar ba wanda zai sake cewa bai sani ba, a gaban kotun duniya ko a gaban wadda ba a ba da cin hanci. Kawu ya rasu bai samu kwana biyun da ya nema ba. 'Ya'yansa suna nan suna noma a fadamar nan, dam yana nan a samansu, damina kuma tana tafe.

Allah ya kare raunanan bayinsa, ya ba mu ikon faɗin gaskiya da tsayawa a kanta.



Daga ɗan'uwanku a Achida.